Kulob ɗin Unguwa ko Ƙungiyar Makaranta: Yadda Uba Zai Zaɓa wa Ɗansa Wurin Buga Ƙwallo

Duk uban da ke da yaro mai shekara tara zuwa sha huɗu a garuruwa irin su Kano, Zariya, Kaduna ko Jos, akwai ranar da yaron zai tsaya a gabansa yana sosa ƙeya, ya ce, "Baba, kocinmu ya ce in kawo hoto biyu da kuɗin fom." Wani lokaci kuma takarda ce za ta zo daga makaranta, ana neman izinin yaro ya riƙa tsayawa atisaye bayan an tashi. Yawancinmu muna yanke hukunci nan take bisa sunan wurin kawai. Idan aka ce makaranta sai mu amince ba tare da tambaya ba, idan aka ce filin unguwa sai mu hana, ko kuma mu miƙa kuɗin don a ƙyale mu mu huta. Duka biyun kuskure ne, domin abin da ke gyara yaro ko ɓata shi a harkar wasa shi ne mutumin da ke tsaye a kansa, da lokacin da ake yin wasan, da kuma waɗanda ake haɗa shi da su. Waɗannan kuwa ba a sanin su sai an taka an je.

Abin da kowane ɓangare ke bayarwa

Ƙungiyar makaranta tana da abubuwa biyu da kulob ɗin unguwa ba kasafai yake da su ba. Na farko, akwai wanda za a riƙe idan wani abu ya faru, wato malamin wasanni da shugaban makaranta, kuma an san ofishinsu. Na biyu, shekarun yara ba su cika ɓoyuwa ba, tun da rajistar aji tana nuna wanda ke aji biyu na ƙaramar sakandare da wanda ke ajin ƙarshe. Ban da haka, makaranta ce wurin da yaro ya fi samun damar cin karo da wasan da ba ƙwallon ƙafa ba, kamar guje-guje da tsalle-tsalle, ƙwallon hannu, ƙwallon raga, ƙwallon kwando, har ma da langa a wasu makarantun. Yaron da ba shi da ƙafar ƙwallo yana iya kasancewa shi ne ya fi kowa gudu a mita ɗari huɗu, kuma babu kocin unguwar da zai gano masa wannan.

Raunin makaranta shi ne ƙarancin wasan kansa. A makarantu da yawa, harkar wasanni ba ta farkawa sai gasar gidaje ta gabato, galibi a zango na biyu, a raba yara gida ja, gida kore, gida shuɗi da gida ɗorawa, a yi makonni kaɗan ana maci da gudu, a gayyato babban baƙo ya miƙa kofi, shi ke nan sai baɗi. Makarantun kuɗi da yawa kuma a gidajen haya suke, ba su da filin da ya wuce tsakar gida, sai ranar gasa su ari fili a wani wuri. Inda ake da ƙungiya ta dindindin ma, yara ƙalilan ake zaɓa daga cikin ɗaruruwa, saura kuwa 'yan kallo ne. Duk da haka hanyar makaranta ba rufaffiya ba ce, domin an farfaɗo da gasar kofin shugabannin makarantun sakandare a matakin ƙasa a 2021, akwai gasar ƙwallon kwando ta makarantun sakandare da Milo ke ɗaukar nauyi, kuma jihohi suna duba makarantu idan za su haɗa tawagarsu ta gasar wasannin matasa ta ƙasa, wadda aka fara a Abuja a 2013.

Kulob ɗin unguwa akasin haka yake. Wasa ba ya yankewa, kusan kullum ana fili, kuma sau da yawa kocin tsohon ɗan wasa ne da ya san ƙwallo fiye da malamin da aka ɗora wa wasanni a kan darasin da yake koyarwa. Yawancin 'yan wasan Arewa da suka yi suna ta wannan hanya suka bi. Ahmed Musa ya taso ne daga makarantar koyon ƙwallo ta GBS a Jos, ya buga wa kulob ɗin JUTH na Jos, sannan ya zo Kano Pillars inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, kafin ya wuce Holan. Gasar kofin Ramat da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammed ta daɗe tana zama wurin da ake hango yara masu tasowa. Sai dai kalmar "kulob" ko "akadami" tana ɗaukar abubuwa mabambanta ƙwarai. Akwai mai rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, mai rukunin shekaru da tsarin atisaye, akwai kuma wanda bai wuce mutum ɗaya da usur da buhun ƙwallaye ba, kuma a cikin irin na biyun akwai mutanen kirki da ke kashe kuɗin aljihunsu a kan 'ya'yan wasu, akwai waɗanda bai kamata a ba su amanar akuya ba balle ta yaro.

Fara da yaron da kuma agogo

Kafin ka duba kowane wuri, ka duba shekarun yaron. Wanda bai kai shekara goma ba ba ya buƙatar gasa ko kofi. Abin da yake buƙata shi ne ya taɓa ƙwallo sau da yawa a ƙaramin fili, biyar da biyar ko bakwai da bakwai, da ƙwallo mai lamba 3 ko 4 wadda ƙafarsa za ta iya ɗauka, tare da sa'o'insa. Idan makarantarsa tana da fili kuma ana fitar da su wasa a kai a kai, wannan ya wadatar. Daga shekara sha ɗaya zuwa sha huɗu ne tambayar kulob take da ma'ana, domin a lokacin ne ake gane wanda son ƙwallo ya shiga jininsa da wanda rigar kawai yake sha'awa.

Sai ka zauna da takarda ka rubuta yinin yaron tun daga asuba. A gidaje da yawa yaro yana dawowa daga boko bayan azahar, ya ci abinci, ya tafi Islamiyya daga la'asar zuwa dab da magariba, wato daidai lokacin da ake atisaye a filayen unguwa. A nan ne rigimar take, kuma yaron da aka bari ya warware ta da kansa zai warware ta ne ta hanyar rataya jakar Islamiyya ya fita, ya ɓoye ta a bakin fili. Tun da Islamiyyu da yawa suna hutu ranakun Alhamis da Juma'a, sai a nemi kulob ɗin da zai yarda yaro ya zo waɗannan ranaku biyu da yamma, a ƙara da safiyar Asabar ko Lahadi idan babu hadda. Kwana uku a mako ya ishi yaro ɗan shekara sha biyu ya ci gaba. Kocin da ya ce ko kullum ko a bari, ya riga ya gaya maka matsayin karatun ɗanka a wurinsa.

Je ka fili ba tare da sanarwa ba

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne wanda iyaye suka fi tsallakewa. Ka je filin aƙalla sau uku, a ranaku daban-daban, ka tsaya nesa kaɗan kamar mai wucewa. Ka lura ko ana raba yara bisa girman jiki da shekaru, ko kuwa ɗan shekara sha ɗaya yana gogayya da mai gemu. Ka saurari harshen kocin idan yaro ya yi kuskure, domin faɗa daban, ashar da zagin iyaye daban. Ka duba su wa ke zaune a gefen fili, me suke sha, kuma ko suna aiken yaran. Ka ƙirga minti nawa yara suke yi da ƙwallo a ƙafarsu, da minti nawa suke yi suna zagaye fili a guje, domin kocin da bai san abin da zai koyar ba gudu yake sa yara har su galabaita, ya kira shi horo. Ka kuma jira har a tashi, ka ga lokacin da ake sallamar su da yadda suke watsewa.

Ni kaina sai da na ji jiki na koyi wannan. Na taɓa barin ɗana, yana ɗan shekara sha ɗaya, ya shiga wani kulob don kawai abokansa suna can, ban taɓa leƙawa ba. Wata rana ya shigo gida yana ɗingishi, idon sawunsa ya kumbura, ashe wani saurayi ne da ya kusa ninka shi a shekaru ya taka shi tun farkon wasa, aka shafa masa man zafi aka ce ya koma ciki, namiji ba ya raki. Da na je washegari, kocin bai ma san sunan yaron na gaskiya ba, sunan wani ɗan wasan Turai yake kiransa da shi. Kulob ɗin da muka koma daga baya filinsa ya fi wancan muni, ƙasa ce jajir da tsakuwa, ragar ma babu, sai sanduna biyu da igiya. Amma kocin yana da littafi mai bangon kwali da yake kiran suna a ciki, da lambar wayar uban kowane yaro, da jarkar ruwa biyu a gindin dalbejiya. Ana fara haramar kiran magariba zai busa usur ko da wasa ya yi daɗi. Ranar da na gabatar da kaina, abin da ya fara cewa shi ne, "Alhaji, don Allah a riƙa turo min sakamakon jarrabawarsa, wanda ya faɗi a aji benci yake zama a wurina."

Bayan ka gani da idonka, sai ka yi magana da kocin, kuma ka tambayi mutanen da suka san shi, kamar mai unguwa, limamin masallacin da ke kusa, da iyayen yaran da suka daɗe a hannunsa. Ka tambaye shi ko kulob ɗin yana da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, da wanda ke raka yara idan za a je wasa wata unguwa ko wani gari, da irin motar da ake shiga, da inda ake kwana idan tafiyar ta kwana ce. Ƙa'idar da bai kamata a sassauta ba ita ce, yaro ba ya zuwa ɗakin koci shi kaɗai, ba ya kwana a wurinsa, kuma duk saƙon da ya shafi yaro ta wayar iyaye zai biyo. Wannan ƙa'ida ta shafi malamin makaranta kamar yadda ta shafi kocin unguwa, kuma mutumin kirki ba ya jin haushinta. Game da kuɗi, ka nemi a faɗa maka komai tun farko, da kuɗin fom, da na riga, da karo-karon alƙalin wasa, da kuɗin mota, don kada ya zama kowane mako da sabon uzuri. Kada ka yi gaggawar sayen takalmin ƙwallo mai tsada, ƙafar yaro tana girma, kuma a busasshiyar ƙasa takalmi mai dogayen haƙora ya fi jawo targaɗe. Abin kare ƙwauri ya fi shi zama dole.

Makaranta ma a yi mata tambayoyi, kada kwarjinin ofis ya hana. Sau nawa ake atisaye a mako idan ba lokacin gasar gidaje ba? Ina filin yake? Wace gasa makarantar ta shiga bara? Idan an tsaya bayan tashi, wa ke tare da yaran har su hau mota? Idan amsar ita ce kame-kame, to ka sani kuɗin wasannin da ake karɓa kowane zango riga da hular gasar gidaje kawai yake saya, kuma taron iyaye da malamai shi ne wurin da ya dace a tayar da maganar.

Lafiya, zafi da ƙura

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, don haka hana yaro wasa gaba ɗaya ba kariya ba ce. Amma kafin ya shiga kowace ƙungiya, a san rukunin jininsa, kuma idan yana da sikila ko asma a fara jin ta bakin likita, sannan a gaya wa koci ko malami ƙarara. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, atisayen tsakar rana ganganci ne, kuma wasannin makarantu sun fi faɗawa wannan tarko saboda ana so a gama kafin a tashi. Yaro ya tafi da ruwansa, kuma a bar shi ya sha duk lokacin da ya ji ƙishi. Lokacin hunturu ƙura ce matsalar mai asma, sai ya riƙe abin shaƙarsa a bakin fili. Da azumi a rage nauyin atisaye, gasannin dare da ake shiryawa a unguwanni kuwa na samari ne, ƙaramin yaro ya kalla tare da yayansa ya dawo gida da wuri. Idan yaro ya bugu a kai har ya ga jiri ko ya yi amai, wasan ranar ya ƙare kuma asibiti za a nufa. Idan ana zargin karaya, a ɗauki hoton ƙashi kafin a yi maganar maɗori. A Amurka tun 2015 aka hana yara 'yan shekara goma zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai, kuma babu abin da ɗanka zai rasa idan ya jinkirta koyon wannan.

Takardu, rage shekaru da dillalai

A nan ne kulob ɗin unguwa ya fi makaranta haɗari, kuma a nan ne iyaye da kansu suke zama abokan laifi. Wata rana za a ce maka yaronka yana da kyau, amma a yanke masa shekara biyu ko uku don ya samu shiga rukunin 'yan ƙasa da sha uku ko sha biyar, kowa ma haka yake yi. Kada ka yarda. Ka riƙe takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ka tabbatar ranar da ke jikinta ita ce a lambarsa ta zama ɗan ƙasa da takardun makaranta, kuma kwafi kawai za ka bayar, asalin ya zauna a gida. Yaron da ke da ranar haihuwa biyu zai ci karo da ita a rajistar WAEC ko JAMB ko wurin yin fasfo, lokacin da kocin da ya ba da shawarar ya daɗe da mantawa da shi. A ƙwallon ma dabarar ta rage ci, domin tun 2009 FIFA take amfani da hoton ƙashin wuyan hannu wajen tantance 'yan ƙasa da shekara 17, kuma an sha sallamar yara daga sansanin Golden Eaglets, wato tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, a kan haka. Akwai kuma zaluncin da ba a cika faɗa ba, wato duk babban da aka cusa cikin ƙanana ya ƙwace gurbin wani yaro mai shekarun gaskiya, wataƙila naka.

Dillalin da zai zo da maganar gwaji a Turai ko Dubai, ya ce a kawo kuɗin biza da na jirgi, a tambaye shi abu ɗaya kawai, wato yadda zai tsallake dokar FIFA da ta hana sauya wa ɗan ƙasa da shekara 18 kulob daga wata ƙasa zuwa wata, in ban da wasu 'yan keɓantattun yanayi da ba su shafi yawancin yaranmu ba. Kulob ɗin da yake son ɗan wasa da gaske shi yake aiko da takardar gayyata kuma ya ɗauki nauyin tafiya. Kada a sayar da fili ko gona a kan alkawarin baki, kuma kada ka sa hannu a kan wata yarjejeniya da sunan yaro sai wanda ya san doka ya karanta maka ita.

Ga 'ya'ya mata, a mafi yawan garuruwanmu makaranta ce zaɓin da ya fi dacewa, musamman makarantun mata zalla inda ake ƙwallon hannu da ƙwallon raga da guje-guje a cikin katanga, ƙarƙashin kulawar malama. Batun sutura ba shi ne cikas ba, tun da dokokin ƙwallon ƙafa ma sun amince da rufe kai tun 2014, sai dai uwa ta je ta ga wurin da idonta kamar yadda uba zai je na ɗa namiji.

Yadda za a haɗa biyun

Ga yawancin yara, abin da ya fi aiki shi ne a raba shekara. Lokacin da makaranta ke shirin gasar gidaje ko wata gasa ta makarantu, a ba ta fifiko, a gaya wa kocin unguwa tun da wuri cewa yaro zai rage zuwa. Lokacin dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, a sakar wa kulob ɗin unguwa. Kada yaro ya buga cikakken wasa biyu a rana ɗaya don faranta wa ɓangarorin biyu, kuma ya samu aƙalla kwana ɗaya ko biyu a mako da ba ya taɓa ƙwallo. Makonnin jarrabawa, musamman ga ɗan aji uku na ƙaramar sakandare da ɗan ajin ƙarshe mai fuskantar WAEC da NECO, a ajiye takalmi gaba ɗaya.

Duk wanda aka zaɓa, a ɗauke shi a matsayin gwaji na zango ɗaya, kuma a faɗa wa yaron sharuɗɗan a gaban kocin ko malamin don kowa ya zama shaida: ranakun da zai je, lokacin da zai kasance a gida, da matsayin da bai kamata ya sauka ƙasa da shi ba a aji. Idan zango ya ƙare, ka ɗauko sakamakon jarrabawa ka kwatanta da na baya, ka tambayi malamin Islamiyya ko an ga giɓi a zuwansa, ka lura da irin kalmomin da ya fara shigowa da su gida da sababbin abokan da ke sallama da shi a ƙofa. Sannan ka tambaye shi minti nawa ya buga a wasanni uku na ƙarshe, domin yaron da ya shafe wata uku yana ɗaukar wa manya jarkar ruwa a kulob mai suna gara a mayar da shi ƙaramin kulob inda za a riƙa sa shi a wasa.